Gida mai lamba 30 a Strandgade: yadda Hammershøi ya zana ɗaki da 'yan launuka kaɗan

A shekarar 1898 wani mai zane ɗan ƙasar Denmak, Vilhelm Hammershøi, da matarsa Ida suka kama haya a wani tsohon gida mai lamba 30 a titin Strandgade, unguwar Christianshavn, cikin birnin Kopenhagen. Ginin na ƙarni na 17 ne. Kafin su tare sai da aka bi ɗakunan da fenti: ƙofofi da tagogi da katakon jikin bango aka yi musu fari, bangon aka yi masa ruwan toka, daɓen katako kuma aka rina shi ya yi duhu. Sun zauna a gidan har 1909, kuma a tsakanin nan ya zana ɗakunansa fiye da sau sittin. Ba shi da wani ɗakin aiki na daban. Inda suke ci suke hira, nan yake kafa kanbas ɗinsa, wato ƙyallen da yake zane a kai.

Duk mai koyon zanen fenti da ya nufi zana cikin ɗaki da haske mai laushi, shawarar farko da ake ba shi ita ce ya rage launuka, ya ɗauki uku ko huɗu ya ajiye sauran. Shawarar tana da kyau, amma rabi ce. Mutum zai iya riƙe launi huɗu a hannu ya tsaya gaban ɗaki mai labule kore da kujera ja da kwalabe a kan tebur, ya yi ta fama har ya gaji, zanen ya fito kamar laka. Abin da aikin Hammershøi ke nunawa shi ne ragewar daga ɗakin take farawa, tun kafin a buɗe bututun fenti ko ɗaya.

An haife shi a 1864. Yana ɗan shekara takwas aka sa shi koyon zanen fensir, daga baya ya shiga makarantar koyon zane ta masarautar Denmak, sannan ya yi karatu a hannun Peder Severin Krøyer, wanda ya yi suna da zanen bakin teku mai haske da walwala. An ruwaito cewa Krøyer ya ce yana da wani ɗalibi mai zane wani iri, bai gane masa ba, amma yana ganin zai zama wani abu, don haka ya ƙyale shi. A 1885 ya fito da hoton ƙanwarsa Anna a baje kolin zane na Charlottenborg da ke Kopenhagen, aka hana shi kyautar da abokan sana'arsa da dama suke ganin ta dace da shi. A 1890 alƙalan baje kolin suka ƙi karɓar wani zanen ɗakin kwana da ya yi, kuma wannan na cikin abin da ya sa wasu masu zane suka ɓalle suka kafa nasu baje kolin mai zaman kansa a 1891. A shekarar ce kuma ya auri Ida Ilsted. Kafin nan, a 1887, ya je Holan ya ga aikin Vermeer da Pieter de Hooch, mutanen da suka riga shi zana ɗaki da hasken taga da fiye da shekara ɗari biyu. Wato lokacin da ya shiga Strandgade ba sabon shiga ba ne. Yana da shekara talatin da huɗu, hannunsa ya riga ya faɗa. Abin da ya rage masa shi ne wuri ɗaya da zai zauna ya yi ta kallo.

Me fentin gidan ya yi masa

Kafin a gane amfanin wancan fenti da aka yi wa ɗakunan, sai an san abin da ke sa haske ya yi laushi. Girman inda hasken ke fitowa ne. Kwan fitila ɗaya ko rana tsirara suna jefa inuwa mai kaifin baki, domin kowane wuri a daɓe ko dai yana ganin fitilar ko ba ya ganinta. Taga mai kallon sararin sama mai gajimare kuwa faɗi gare ta. Wuri ɗaya a bayan ƙafar tebur yana ganin rabin tagar, na kusa da shi yana ganin kashi uku cikin huɗu, na gaba yana ganinta duka. Shi ya sa inuwar ba ta da baki, narkewa take yi a hankali. Ƙari a kan haka, hasken yana raguwa yayin da ake nisa da tagar, don haka bango ɗaya mai fenti ɗaya ba ya taɓa zama launi ɗaya daga wannan kusurwa zuwa waccan. Sannan ga hasken da ke dawowa: farar ƙofa tana karɓa ta mayar wa bangon da ke fuskantarta, daɓe mai duhu kuma yana shanyewa.

Kopenhagen tana can arewa sosai, kusan digiri 56 daga layin da ya raba duniya biyu, kudu da arewa. A watan Disamba yinin bai wuce awa bakwai ba, ranar ma ba ta hawa sama, a kaikaice take ratsowa, yawanci ta bayan gajimare. Wannan hasken ne yake shiga tagogin gidan.

To, da fari a ƙofofi, toka a bango, duhu a daɓe, ɗakin ya riga ya kasu mataki uku na haske da duhu tun kafin mai zanen ya ɗauki burushi. Idan Ida ta shigo da baƙar rigarta, ta kawo mataki na huɗu, mafi duhu. Kayan ɗakin 'yan kaɗan ne kuma su ne dai ake ta gani a zane bayan zane: tebur, kujera, fiyano, murhun ɗumama ɗaki, wani babban kwanon tangaran mai murfi, faranti na ƙarfe. Yakan matsar da su yadda yake so, ya fitar da abin da ba ya so. A wasu zanukan har mariƙin ƙofa ya cire. A zanen fararen ƙofofi a buɗe na 1905, wanda ke gidan adana kayan tarihi na David a Kopenhagen, babu mutum, babu kujera, babu komai sai ƙofa tana kaiwa ga wata ƙofa. (Ga wanda yake son zanen fenti amma ba ya son zana mai rai, wannan fage ne babba, kuma a ganina mafi ƙarfin aikin mutumin yana cikin ɗakunan da ba kowa.)

A wata hira da aka yi da shi a 1907 ya bayyana cewa abin da ya fi sa shi zaɓar abin da zai zana shi ne layuka, yadda ginin hoton yake tsaye, sannan haske. Launi kuma ba wai bai dame shi ba ne, yana wahala sosai kafin ya daidaita shi. Ya kuma ce a ganinsa zane ya fi tasiri idan launukansa sun yi kaɗan. A lura da jerin: layi, haske, sannan launi. Masu koyo da yawa daga ƙarshen jerin suke farawa.

Taga ɗaya, zane uku

Akwai wani ɗaki a gidan da tagarsa ke kallon tsakar gida, da ƙofa a rufe a hannun dama. Wannan bangon ya zana shi sau da dama, kuma uku daga ciki sun isa darasi.

Na farko shi ne na 1900, wanda aka fi sani, mai nuna ƙura tana yawo cikin hasken rana. Yana gidan zane na Ordrupgaard, kusa da Kopenhagen. Ƙaramin zane ne, bai kai mita ɗaya ba. Ɗakin fayau yake. Rana ta ratso gilasan tagar a karkace, ta zana siffarsu a daɓe. Abin da ya kamata mai koyo ya tsaya a kai shi ne ƙofar nan da katakon da ke kewaye da tagar. Kowa ya san farare ne, mai kallo ma fari yake ganinsu. Amma idan aka ɗauki farar takarda aka kara kusa da hoton, sai a ga toka ce sosai, wani wurin ma toka mai duhu.

Dalilin yana da sauƙi, bin sa ne ke da wuya. Fenti ba ya fitar da haske. Farin da ke cikin bututu shi ne iyakar hasken da mai zane yake da shi, kuma guda ɗaya ne. A cikin ɗaki na gaske, taga ta fi farar ƙofar da ke gefenta haske nesa ba kusa ba, musamman da yake ƙofar tana bangon da hasken ke shigowa ta cikinsa, wato tana cikin inuwa. Idan aka kashe farin a kan ƙofa don an san fara ce, me za a sa wa tagar? Babu. Daga nan zanen ya mutu, ko da an yi wata guda ana gyara. Dole a tura ƙofar ƙasa, bangon ya ƙara yin ƙasa da ita, daɓen ya fi su duka, sannan ɗan farin da aka ajiye ya yi aikin rana.

Ido kuma ba ya taimakawa. Idan mutum ya kalli kusurwa mai duhu, idonsa yana buɗewa ya ga komai a fili. Ya juya ga taga, ya tsuke. Sai ya zana kowane wuri da hasken da ya gani lokacin da ya zuba masa ido shi kaɗai, ɗakin ya fito ko'ina haske ɗaya. Maganin da masu zane suka daɗe da shi shi ne ƙanƙance idanu har ƙananan abubuwa su ɓace, a ga ɗakin gaba ɗaya a matsayin manyan faci huɗu ko biyar, a tambayi kowanne: ya fi na kusa da shi haske ko duhu, kuma da nawa? Yau akwai ƙarin dabara: a ɗauki hoton zanen da waya a mayar da shi baƙi da fari. Ba ya ƙarya game da matakan, ko da yake kyamara tana ƙona taga ta baƙanta kusurwa, don haka ba a kwafar ɗakin daga hoton waya.

Na biyu yana gidan Metropolitan a birnin New York: taga ɗaya, ƙofa ɗaya, amma da farin wata. Layukan ba su motsa ba. Abin da ya sauya shi ne an sauke dukkan matakan ƙasa, an matse tazarar da ke tsakaninsu, tokar kuma ta karkata wajen shuɗi da shunayya. Na uku, na 1906, yana gidan Tate a Landan, rana a daɓe amma babu ƙurar nan a iska. Wanda ya jera hotunan ukun zai ga abin da maimaici yake saya wa mai zane. Tunda ya riga ya san faɗin tagar da tsayin ƙofar da inda layin daɓe ya haɗu da bango, hankalinsa duka yana kan abu ɗaya da ya bambanta yau da jiya. Mai koyon da yake sauya ɗaki duk mako yana sake warware matsalar ma'auni ne kowane lokaci, bai taɓa isa ga matsalar haske ba.

Shi wannan na 1906 yana da ɗan labari. Asalinsa akwai mace a tsaye a gefen hagu. Wanda ya mallake shi, Leonard Borwick, Bature ɗan Ingila mai kaɗa fiyano kuma masoyin aikin Hammershøi, ya naɗe wannan ɓangaren na kanbas ɗin zuwa baya, aka bar taga da ƙofa kawai. Ko ya kyauta ko bai kyauta ba, zanen ya tsaya da ƙafarsa.

Akwai kuma wani na 1899, shi ma na Tate, mace a tsaye ta juya baya kusa da tebur da murhu. Ana iya hango layukan fensir a ƙarƙashin fentin, kuma alamu sun nuna teburin ya fi haka girma da farko, matar kuma daga baya aka ƙara ta. Wato ɗakin aka fara ginawa, mutum ya shigo a ƙarshe, a daidai inda hoton yake bukatar baƙi.

Tokar da ba toka ba

Yanzu sai launukan. Jerin da aka fi bai wa masu koyo shi ne wanda ake jinginawa ga Anders Zorn na Suwidin, tsaran Hammershøi: fari, rawayar ƙasa, ja, da baƙin ƙashi, wato baƙin fentin da ake yi da ƙonannen ƙashi. Babu shuɗi, babu kore. Amma baƙin ƙashi idan aka haɗa shi da fari yana ba da toka mai sanyi da ta karkata wajen shuɗi, idan kuma aka ajiye ta kusa da rawaya sai ido ya rantse shuɗi ce. Baƙi da rawayar ƙasa suna ba da wani kore mai duhu. Ja da rawaya da fari suna ba da launin fata da na katako. Wannan ruɗin ido, yadda launi ke sauya kama gwargwadon maƙwabcinsa, wani masanin sinadarai na Faransa, Chevreul, wanda ya shugabanci sashen rini a masaƙar Gobelins, ya yi bayaninsa tun 1839.

Sai dai kada a ɗauka Hammershøi baƙi da fari kawai yake damawa. Masu binciken zanuka a gidan zane na ƙasar Denmak sun duba aikinsa da na'urori, suka tarar tokarsa tana ɗauke da shuɗi da rawaya da kore a ciki. Ido ma yana iya gani idan aka matsa kusa: bangon da daga nesa yake kamar shafe ɗaya, daga kusa gajerun shafe-shafe ne na burushi, wannan ya ɗan yi rawaya, na gefensa ya ɗan yi shunayya, an ɗora su siriri-siriri wani kan wani. Ƙarancin launin a sakamako yake. Kuma a nan ne aikin yake da wuya fiye da zane mai launuka barkatai, domin idan komai toka ne, ɗan kuskure kaɗan a ɗumi ko sanyi yana fitowa fili.

Ga yadda mai koyo zai bi da wannan a aikace. Kafin ya taɓa kanbas, ya dama toka mataki biyar a kan allon fentinsa, daga mai haske zuwa mai duhu. Kowane mataki ya raba shi biyu: rabi ya ɗiga masa rawayar ƙasa ya yi ɗumi, rabi ya bar shi da sanyinsa. Tuli goma ke nan, kuma da su za a gina kusan dukkan ɗakin. A kiyaye kada ɗiga launin ya sauya matakin. Mai ɗumi da mai sanyi su zama nauyi ɗaya idan an ƙanƙance ido. Ja kuwa kamar kanwa yake a miya, ɗan kaɗan ya gyara, ya ɗara haka ya ɓata tukunyar. Hasken da ya fito daga sararin sama yawanci sanyi gare shi, don haka wuraren da ya faɗa kai tsaye sukan yi sanyi, inuwa kuma ta yi ɗumi saboda abin da daɓen katako yake mayarwa. Yawanci na ce. A duba ɗakin, kada a zana ƙa'ida.

Farin ma yana da magana. A zamanin Hammershøi farar dalma da farin tutiya ake da su. Farin titaniyam da ya cika kasuwa yau bai yaɗu ba sai bayan rasuwarsa. Titaniyam ƙarfi gare shi, yana rufe abin da ke ƙasa, yana kuma sanyaya duk launin da ya shiga har ya koma kamar alli. Wanda yake amfani da shi ya riƙa sa kaɗan, ya kuma karya shi da ɗigon rawaya. Baƙin ƙashi kuma yana jinkirin bushewa a fentin mai, kuma wuraren duhu sukan dusashe idan sun bushe, su yi kamar sun fi yadda aka sa su haske. Mai koyo ya dawo washegari ya ga daɓensa ya yi fari-fari, ya ƙara masa baƙi, alhali shafa ɗan mai siriri ya isa ya dawo da shi yadda yake.

Sai bakin abubuwa. Laushin haske a bakin inuwa ake ganinsa, amma idan aka bi ko'ina da busasshen burushi aka murje, hoton zai zama hayaƙi. A zanukan Strandgade layin ƙofa da sandunan taga a tsaye suke cak, inuwar da ke ƙarƙashin tebur ce take narkewa. Kaifin wancan ne yake sa a ji laushin wannan.

Abin da hanyar ta ci masa

Ba kowane zane na gidan ne ya yi rai ba. Akwai waɗanda in ka ga biyar a jere sai ka ji kamar ɗaya ka gani, musamman da masu saye suka fara neman irin ɗakunan nan. Likitan haƙori Alfred Bramsen ya tara aikinsa da yawa tun da wuri, ya kuma tsaya masa. Surukinsa Peter Ilsted da abokinsa Carl Holsøe su ma ɗakuna suke zanawa, kuma kwatanta su da shi yana da amfani: nasu sun fi ɗumi, sun fi kaya, sun fi daɗin zama, amma ido yana gama su da wuri. A 1909 aka sayar da gidan suka tashi. Sun zauna a Bredgade, sannan a 1913 suka dawo Strandgade, gida mai lamba 25, tsallaken titi. A 1911 ya ci babbar kyauta a baje kolin duniya na Roma. Ciwon daji na maƙogwaro ya yi ajalinsa a 1916 yana da shekara 51. Bayan haka an yi shekaru da dama ba a cika ambatonsa a wajen Denmak ba, sai da aka yi manyan nune-nunen aikinsa a Faris da New York a ƙarshen shekarun 1990, da Landan a 2008. A 2023 an sayar da zanen ɗakin kiɗa na gida mai lamba 30 a kan sama da dala miliyan tara, yanzu yana Shikago.

Wanda zai gwada wannan a Kano ko Damagaram kada ya kwafi tokar Kopenhagen. Ranarmu a tsakiyar ka take, da ƙarfi, kuma kafin haskenta ya shiga taga ya riga ya bugi jar ƙasar tsakar gida da katanga, don haka da ɗumi yake shigowa, sau da yawa daga ƙasa yake haska silin. Inuwar ɗakin ce za ta fi karkata wajen sanyi, akasin abin da aka saba gani a zanukan arewacin Turai. Lokacin da ya fi kusa da hasken Hammershøi shi ne hunturu, sa'ad da hazo ya rufe rana ya mayar da sararin sama duka fitila ɗaya mai faɗi. A zaɓi ɗaki mai taga ɗaya, a kashe kwan lantarki, a fitar da duk abin da launinsa ke ihu, a yi wa ƙafafun kujera alama a daɓe da alli don kada a matsar da ita. A riƙa zama a sa'a ɗaya kullum, da hantsi ko bayan la'asar, a tashi da zarar hasken ya juya ko da hannu yana ƙaiƙayi. A launuka huɗun kuma, a irin wannan ɗaki jar ƙasa ƙonanniya ta fi jan nan mai haske amfani, kuma idan baƙin ya kasa ba da sanyin da inuwar take bukata, a ƙara shuɗi ɗaya ya zama na biyar.